Ɗakin da Auta Ta Ce Ta Gani

Baba ba mai magana da safe ba ne. Shayinsa yake sha da rediyo manne a kunne, wanda ya gaishe shi ya ɗaga masa yatsa ɗaya, shi ke nan an gaisa. To ran nan sai ga shi ya kashe rediyon da kansa.

"Auta."

Tana tsugune a bakin famfo tana ɗauraye kofuna. "Na'am, Baba."

"Ki faɗa wa yaron nan, ranar Asabar zan je in ga ɗakin."

Kofi ya suɓuce mata. Allah ya so na roba ne.

"Asabar ɗin nan mai zuwa, Baba?"

"Kina da wata a ajiye ne? Kuma da ke za a tafi, tunda ke kika san gidan."

Ya mayar da rediyonsa kunne. Ita kuwa ta ci gaba da wanke kofin da ta riga ta wanke.

Ba mugunta ce ta sa Baba haka ba, an taɓa yi masa ne. Babbar 'yarsa ya ba wani mai zaƙin baki da ya ce ɗaki na nan, ƙofa kawai ta rage a sa. Ba a sa ƙofar nan ba har ta haifi uku a ɗakin da surukarta ke ajiye buhuna. Daga ƙarshe ta kwaso su ta dawo, ga su nan kullum suna yi wa burodin Baba kwanton ɓauna. Tun daga nan ya rantse, ba ɗaki ba aure. Kuma ba ɗakin baki ba, wanda zai shiga da ƙafarsa ya murɗa famfo ya ga ruwa. Ya ba Dogo, saurayin Auta, zuwa ƙarshen wata. In wata ya mutu babu ɗaki, to akwai mai jira.

Mai jiran shi ne Mai Tayal. Yana da shagon kayan gini ƙofa uku, da gidaje, da tumbi daidai gwargwado. Mutum ne mai haƙuri irin na mage a bakin rami.

Shi kuwa Dogo mai walda ne, can wajen ginin wata gada yake aiki, tafiyar yini cur a mota, hutu sai an yi roƙo kamar na neman rai. A waya ya ga ɗakin. Hotuna masu kyau, ciki da falo, kicin, banɗaki, a ƙasan wani bene. Nan take ya kira ta.

"Auta, ki je ki gane mana da idonki. In kin ce ya yi, ya yi."

Ta je. Dillalin ya tare ta a bakin get, wani siririn mutum da ake ce wa Mai Makullai saboda damin makullan da ke rataye a ƙugunsa. Kafin ka gan shi ka ji shi. Duk yawansu, ran nan babu wanda ya buɗe komai. Ya ce matar da ke ciki ba ta tashi ba tukuna, kuma masifaffiya ce, ba ta son baƙi. Ya ce akwai mutum biyu da kuɗi a hannu, in rana ta faɗi ba a ba da kafin alƙalami ba, to sai dai haƙuri.

Yana cikin faɗa wayarta ta yi ƙara. Dogo ne, ana jin kukan inji a bayansa.

"Kin isa? Kin shiga ciki?"

Da safiyar ran nan Mai Tayal ya aiko wa Inna da fanka sabuwa a kwalinta. Auta ta tuna fankar. Ta dubi bangon gidan, fari tas, ta dubi dillali yana kaɗa ƙugu.

"Na shiga."

"Ya yi?"

"Ya yi."

Kafin magariba Dogo ya tura kafin alƙalami, guminsa na kan ƙarfe mai zafi, ya kuma sa hannu a yarjejeniyar shekara guda da aka turo masa ta waya. Ita ta yi ta lallashin kanta da cewa ai hoto ba ya ƙarya. Da ta tambayi masu neman aure ta waya, da sun ba ta labari.

To yanzu ga Asabar ta taso.

Tana ɗaura ɗankwali za ta fita aiki yayanta ya leƙo. Kwalayen kaya yake lodawa a shagon Mai Tayal, amma Manaja yake so a ce masa, har sunan ya bi shi.

"Matar mai walda, an ce za mu je ganin fada. A zo da tabarma ko akwai kujera?"

"Yaya Manaja, don Allah ka ƙyale ni."

"Na ƙyale ki. Oga ma ya ce zai kai mu a motarsa, kar tsoho ya sha rana. Kin ga mutunci. Naki kuwa in ya zo ɗaukar Baba sai dai ya goya shi."

Inna na zaune a gaban sabuwar fankarta, gefen mayafinta yana tashi. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ni dai ban ce ki so kowa ba, Auta. So ai daga baya yake zuwa, kamar takardar kuɗin wuta. Amma ki dubi yayarki, ki dubi 'ya'yanta. Ba ni da ƙarfin goyon wasu jikokin."

"Inna, ɗaki fa an samu."

"Kin ce. Allah ya sa yadda kika ce ɗin ne."

A shagon maganin da take aiki sau biyu tana ba mai ciwon kai maganin tari. Da azahar ta ce wa mai shagon mararta ke ciwo, ya kau da kai da sauri ya ce ta tafi. Maza ba sa neman ƙarin bayani a nan.

Ba ta nemi dillali ba. Kai tsaye ta nufi gidan, ta tura get, ya buɗe. Abin da ta fara gani katifa ce a tsakar gida, an kafa mata gidan sauro da igiyar shanya. Ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin ƙasa.

Wata mata ta buɗe, gajera, kakkaura, da tagwaye riƙe da zaninta.

"Sannu, Anti. Ni ce, mu ne za mu shigo in kin tashi."

Matar ta dube ta tun daga kai har ƙafa. "Ikon Allah. Sun samu wani ke nan. Amarya ce?"

"In Allah ya yarda. An ce ba kya son baƙi, ki yi haƙuri."

"Ni? Ni da mai kawo ruwa ke gudu na saboda hira? Maman 'Yan Biyu ake ce min, tambayi layin nan kaf. Bakina ne ba sa so, ƙanwata. Shigo. Amma kar ki rufe ƙofar, a buɗe muke barinta."

Falon yana nan yadda yake a hoto, har ya fi. Fenti sabo, tayal na sheƙi. Auta ta ji wani sanyi ya sauko mata a ƙirji, har ta fara murmushi.

Maman 'Yan Biyu ta ɗauki kwalbar lemo da babu komai a ciki, ta kwantar da ita a tsakiyar falo, ta ɗauke hannu.

Kwalbar ta tsaya kamar tana tunani. Sai ta fara mirginawa ita kaɗai, a hankali, ta ƙara sauri, ta je ta daki kusurwa.

Tagwayen suka yi dariya. Wasansu ne.

"Bara ba ta yin haka," in ji matar. "Zo ki ga uwar ɗaki."

Suka ture durowar kaya. A bayanta bango ya tsage daga sama har ƙasa, ya yi baki. Matar ta zura hannu a ciki har wuyan hannu, ta zaro shi da farin gari.

"Da can yatsa ɗaya nake sawa. Sai biyu. Tun da mai gidan ya ɗora wani hawa a sama, ya ƙara da tankin ruwa ƙato, gidan nan yake nishi. Ƙofar banɗaki ta daina rufuwa. In ana cika tanki, ƙasa ke zubo mana a abinci. Na sama duk sun gudu. Mu muna kwana a waje, kin ga katifar. Masu duba gine-gine sun zo sun shafa jan fenti a bangon waje, suka ce kowa ya fita. Washegari da sassafe aka bi shi da fari."

Auta ta tuna farin bangon da ta tsaya tana kallo ran nan. Ta zauna a bakin gado. Sai ta tuna abin da ke saman kanta, ta miƙe zumbur.

"Falo sun gama shafe shi," matar ta ci gaba. "Jibi zan koma wajen yayata, ina fita masu fenti za su toshe wannan. Ranar Asabar ko mai gidan ba zai gane inda take ba."

"Anti, ya riga ya biya." Hawaye suka ɓalle mata. "Ya sa hannu. Duk abin da ya tara ne. Babana kuma in bai ga ɗaki ranar Asabar ba, wani zai ba ni."

"Share hawayenki, kuka ba ya ɗinke bango. Akwai ofishin da ake sasanta masu haya da masu gida, can na kai nawa ƙorafin. A gabana aka yi wa wata irin wannan. Suka ce in an hana mutum ganin ɗaki, aka ɓoye masa aibi, to a mayar masa da kafin alƙalaminsa, yarjejeniya ta faɗi. Amma dillalan nan ba wawaye ba ne, kullum sai sun rubuta cewa an shiga an duba an gamsu. Wa ya duba muku?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Ni."

"Ke? Yaushe? Ni ban taɓa ganinki ba."

"A bakin get na tsaya. Na ce masa na shiga."

Matar ta riƙe haɓa. Ba ta zage ta ba, wannan ya fi zagin ciwo.

"To, ƙanwata, sai kin tsaya a gabansu kin faɗi haka da bakinki. Ni zan yi miki shaida. Amma kafin su ji, shi zai fara ji."

Daga nan ofishin Mai Makullai ta wuce, wani ɗan lungu da tebur ɗaya da kalanda ta shekarar da ta wuce. Yana yanke farce da reza.

"A'a, amarya. Zumuɗi ne ya hana ki jira Asabar?"

"Na shiga ɗakin. Na ga bangon."

Bai ko ɗago ba. Ya hure farcen. "Wannan matar dai. To sai me?"

"Ka mayar masa da kuɗinsa."

"A kan me? Ina tsaye kusa da ke kika ce masa kin shiga, ya yi. Da kunnena na ji. A kan maganarki aka rubuta, a kan maganarki ya sa hannu. In kun janye, kafin alƙalami ya tafi, kuma kuɗin shekara na nan a wuyansa, ku shiga ko kar ku shiga."

"Za a kai ka ofishin masu haya."

Nan ya ajiye rezar, ya yi mata murmushi irin na kawu.

"A kai. Wa zai faɗa musu ba a shiga ba? Ke? A gaban angon? A gaban tsoho? Amarya, ki yi wa kanki faɗa. Gidaje nawa ne masu tsaga a garin nan, duk sun faɗi ne? Wannan zai iya shekara goma a tsaye. Ki kama bakinki, tsoho ya zo ya ga fenti, a ɗaura miki aurenki. In kun shiga kwa nemi wani a hankali."

"In kuma bai kai shekara goman ba?"

Ya ɗaga kafaɗa, makullan suka amsa. "Kowa da ranarsa."

Abin haushin, har ta isa gida maganarsa na yi mata daɗi a kunne ɗaya.

Washegari da rana Dogo ya kira, lokacin hutun cin abincinsu. Ta shige bayan kantar magani ta tsuguna.

"'Yar Baba, albishirinki. Sun ba ni hutu. Motar dare zan biyo, Asabar da safe ina bakin gidanmu."

Gidanmu. Ta toshe baki da mayafi.

"Kina ji na? Na haɗa mana gado da hannuna, ƙarfe ne, jikokinmu ma sai sun gaji da shi. Ke da kika gani, wace kusurwa za mu sa shi? Ta wajen taga ko ta ciki?"

"Dogo."

"Kuka kike yi? Wa ya taɓa ki? Manaja ne ko?"

"Ba kowa. Tsoro nake ji."

"Tsoron Baba? Haba. Tsoho mai gaskiya ne, ɗaki ya ce, ga ɗaki."

"In aka ce, misali, ɗakin bai yi masa ba fa? Za ka iya samun wani?"

"Da me, Auta? Ko takalmin da zan zo da shi aro ne. Duk na zuba a nan. Amma me zai hana ya yi masa? Ke fa kin fi shi tsantseni, ke da ko tumatir sai kin juya shi sau uku kafin ki saya."

Ta buɗe baki. Wallahi ta buɗe. Maganar ta zo har maƙogwaro.

"Kin san me?" ya ce. "Abokan aikina dariya suke min, wai na biya kuɗin ɗakin da ban gani ba, an yi da ni. Na ce musu ku ne ba ku da ido a gida. Ni abin da ke sa ni barci a nan ke nan, na san idonki ya gani."

Maganar ta koma inda ta fito.

"Allah ya kawo ka lafiya," ta ce.

Daren biyun nan ba ta san yadda suka wuce ba. In ta rufe ido sai ta ga kwalba tana mirginawa. In ta buɗe sai ta ji fankar Inna.

Asabar da hantsi Mai Tayal ya zo da motarsa, an wanke ta har tayoyi. Ya buɗe wa Baba gaba da hannu biyu. Auta da Manaja a baya. Duk hanyar bai ce mata komai ba, sai dai ta madubi yake duba ta jefi-jefi, kamar mai duba kayan da ya riga ya yi ciniki.

"Ni zan jira a mota, Baba," ya ce da suka isa. "Ba hurumina ba ne."

Dogo na tsaye a bakin get, idanunsa ja saboda rashin barci, rigarsa da layin guga, takalmin aro ya matse shi. Ya zube ya gaida Baba. Ya saci kallonta ya yi murmushi. Ta kasa mayar masa.

Yau kam makullin Mai Makullai ya buɗe ɗakin. Katifa ta ɓace daga tsakar gida, an share ko'ina. Warin fenti kamar ya kama maƙogwaro.

Baba ya shiga da bismilla. Ya murɗa famfon kicin, ruwa ya zo da ƙarfi. Ya kunna fitila, ya kashe. Ya buɗe taga, ya leƙa. Ya tura ƙofar banɗaki, an fere ta da daddare, ta rufu lafiya lau. Suka shiga uwar ɗaki. Bangon nan sumul, kamar ba a taɓa zura hannu a cikinsa ba.

Manaja ya zagaya yana neman abin kushewa, bai samu ba, sai ya ce silin ɗin ya yi ƙasa.

"Kai za ka zauna a ciki?" in ji Baba.

Ya tsaya a tsakiyar ɗakin, hannu a baya, ya daɗe. Sannan ya juyo wajen Dogo.

"Yaro, na zaci irin wancan mijin yayarta ne. Ashe ba haka ba. Ɗaki ya yi. Ka turo manyanka."

Dogo ya durƙusa, ya kama hannun Baba da hannu biyu. Ƙaton mutum, kafaɗunsa na rawa. Mai Makullai ya tafa hannu yana sa albarka, ya kashe wa Auta ido ɗaya.

Shi ke nan fa, ta samu. Abin da ta yi ta kuka a kai, ga shi an miƙo mata. Ba abin da ya rage sai ta yi shiru.

Ruwan da Baba ya gwada ne ya ja, ko kuwa dama lokacinsa ne, oho. Can sama injin tura ruwa ya tashi, aka fara jin tanki yana cika. Wani ɗan sauti ya biyo baya, siriri, kamar an taka busasshen kara.

Babu wanda ya kula. Ita kaɗai ta ga farin gari yana saukowa a hankali, ya zauna a kafaɗar Baba, ya zauna a gashin Dogo da ke durƙushe.

"Baba, ku fita."

Ba ta san muryarta ba ce.

"Me kika ce?"

"Ku fita daga ɗakin nan, don girman Allah. Bangon nan a tsage yake, hannu na shiga, jiya aka toshe. An ce kowa ya tashi daga gidan. Na gani da idona."

Mai Makullai ya yi dariya. "Amarya zumuɗi ya—"

"Rufe min baki," in ji Baba, bai ko dube shi ba. Ya shafa kafaɗarsa, ya murza garin a yatsa, ya ɗaga kai sama. Bai yi gardama ba. "Kowa waje."

A tsakar gida, cikin rana, Dogo ya dube ta kamar wanda aka tasa daga barci.

"Ban gane ba, Auta. In kin ga tsaga, me ya sa kika ce min ya yi?"

Ta durƙusa a kan siminti. Da ƙasa za ta buɗe da ta gode mata.

"Ban shiga ba ran nan. A bakin get na tsaya. Ya ce babu hali, ya ce wasu za su karɓe. Na ji tsoro kar a rasa, kar Baba ya ba da ni. Na ce maka na shiga. Ƙarya na yi maka, Dogo. Sai cikin satin nan na shiga."

Manaja ya buɗe baki zai yi magana, ya ga fuskar Baba, ya mayar ya rufe. Ko shi ya san ranar da ba a wasa.

Baba ya juya ga Dogo. "Kai ka san da wannan?"

Da ya so, da ya rufa mata. Ta ga ya yi tunanin haka.

"Ban sani ba, Baba."

Cikin kuka ta faɗi sauran, ofishin masu haya, da matar da za ta yi shaida, da cewa in ta tsaya ta faɗi gaskiya za a iya mayar masa da kuɗinsa a kashe yarjejeniyar. Tana faɗa ana jin ƙarar makullai tana nisa. Mai su ya tuna yana da wani uzuri.

Injin sama ya mutu don kansa, sannan Baba ya yi magana.

"Na ce ba ɗaki ba aure. Yau wa'adi ya cika, ɗaki babu. Ban janye ba." Ya nuna Dogo. "Kai, ka je ka karɓo guminka. Ita za ta tsaya ta faɗa a gaban mutane, tunda bakinta ne ya jefa ka. Ni zan kawo ta da kaina."

"Bayan nan fa, Baba?" Auta ta tambaya da ƙyar.

"Bayan nan ban sani ba. Da kin yi shiru, da yanzu ina sa miki albarka. Da kin yi shiru kuma," ya waiwaya ya dubi benen, bai ƙarasa ba. Ya sa kai ya fita.

A waje Mai Tayal ya riga ya fito ya buɗe ƙofar mota, har ta baya.

Saura su biyu. Dogo ya sunkuya ya kwance igiyar takalmin da ke cin ƙafarsa, ya sake ɗaurewa, ya daɗe a kai. Garin nan na nan a gashinsa. Ta so ta kai hannu ta kaɗe masa, ta san yau ba ta da wannan ikon.

"Ka ce wani abu, don Allah. Ko zagi ne."

Ya miƙe. Bai dube ta ba, get yake kallo.

"Litinin da safe, a ƙofar ofishin."

"Zan zo. Wallahi zan zo."

"To. In ba ki samu zuwa ba, ki ce min ba ki zo ba."

Ya fita ya bi titi da ƙafa, yana ɗingishi kaɗan. Ta tsaya a bakin get tana jira ko zai waiwayo, Manaja na kiranta daga cikin mota, har ya sha kwana.